Littafin Awo

A shagona na Marwa, bayan 'yan albasa,
akwai littafin awo da gara ta ci gefensa.
Shafi na tara: Mamuda Talle,
ƙugu saba'in, wandon akoko guda,
dala sittin, bai biya ba.
Lokacin dako yake yi,
warin albasa na riga shi sallama.

Shekarar da ya sayi akori-kura
ya shigo da lakar Kusuri a takalmi,
ya ce, "Zurfafa aljihun, Malam Iro."
Na zurfafa. Tamanin da biyar.
Mota ɗaya ta haifi goma,
auduga ta gangara kudu, siminti ya hauro,
shadda ta kori akoko.

Ran wata Alhamis, labaran ƙarfe biyar,
rediyo ta kira sunansa da Faransanci.
Gwamna.
Jandarma ya zo ya ɗauke ni, tef a wuyana.
Kaki za a ɗinka, mai zinariya a kafaɗa.
Na durƙusa ina auna
mutumin da na sha bar wa sauran kunu.
Ɗari da sha biyu.
Bai dubi ƙasa ba.

Kada in ci haƙƙinsa:
gadar nan shi ya sa aka yi,
matan ƙetare sun huta da ratsa ruwa da goyo.
Simintin kuwa, motocin wa suka kawo?
Ni tela ne.
Abin da tef ya faɗa nake rubutawa.

Shekara shida, rediyon da ta ɗora ta sauke,
ƙarfe biyar ɗin dai.
Ƙofar gidansa ta yi tsit
har akuya ta haihu a zaure.
Ya zo da ƙafa, riguna cikin leda:
"Rage mini su."
Muka sha shayi. Ya tambayi kuɗin buhu bana,
ya shiga lissafi a tafin hannu,
na ga idon yaron nan ya dawo.

Jiya da asuba ɗansa ya buga ƙofa
da farin yadi a hammata.
Ban buɗe littafi ba, na san tsawonsa.
Ba wanda ya ce a zurfafa komai.

Da muka dawo na nemo shafi na tara.
Dala sittin.
Na zo jan layi, biro ya ƙi,
sai da na hura masa numfashi sau biyu.