Likkafanin da Asu Ya Ci

Shekara goma sha bakwai ke nan
da na yanko farin yadi a babbar kasuwa,
na naɗe, na tura ƙasan adaka,
ranar da likita ta ce jinina ya nuna.
Jiya na buɗe, ina neman tsohon zane,
na tarar asu ya riga ni.
Ya cinye likkafanin tas,
ni ko ga ni zaune a Ɗan Gulbi
ina murza ƙuli-ƙuli.

Ran Talata na hau kabu-kabu zuwa asibiti.
Benci cike da sa'o'in jikokina.
Wata mai goyo ta matsa mini, ta ce,
"Iya, wa kika rako?"
Na ce, "Kaina."
Ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi ɓarin.

Madam Balki ta ce sidar ta yi lamo,
har na'ura ta nema ta rasa.
"Amma barcin zomo ne, Iya Lantana,
kada ki tsallake ko dare ɗaya."

Abin da ba wanda ya gaya mini a wancan lokaci:
wai zan kai ga tsufa,
tsufa kuwa ba ya zuwa shi kaɗai.
Hawan jini ya kama ɗaki bai biya haya ba.
Gwiwa tana kuka kamar ƙyauren langa-langa.
Ga mantuwa.
Na sha? Ban sha ba?
Sai Nahisa, jikata, ta samo gwangwanin tumatir,
kowace Asabar ta zuba gyaɗa bakwai.
In na haɗiye ƙwaya, in tauna guda.
Da safe ta ƙirga, ta harare ni
kamar ita ta haife ni.

Bara ciwon baya ya kai ni ga mai jiƙo a bakin tasha,
jaka ɗaya da rabi kwalba.
Kwana tara ƙafafuna suka zama turame.
Balki ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi,
"Ƙodar tsohuwa ba ta son taron dangi.
Duk abin da za ki sha, ko saiwa ce, fara nuna mini."

Ɗan Jimma mai awon gero nake tunawa.
Wata takwas ana bin sa da maganin zazzaɓi,
aka koma shawara, aka koma sammu.
Ba wanda ya ce a auna jininsa,
wai mai furfura me zai haɗa shi da wannan?
Ciwo kuwa ba ya tambayar shekarar haihuwa.
Ko da aka gane, hatsi bai nuna ba muka yi zaman makoki.
Matarsa Tsahara ni na kama hannunta,
muka ratsa Mokoyo ba mai cewa uffan,
har ƙofar ɗakin awo.
Yanzu Talatarmu ɗaya.
A hanya muna gardamar farashin mai.

Nahisa ta ce, a sayo wani yadin?
Na ce a'a.
Kuɗin na sa a jar akuya, ga ta can da ciki.
Ranar tana nan tafe, ban musa ba,
wa ya taɓa musawa ya ci?
Amma yau tiya uku ke jiran suya,
wuta ta kama,
kuma saura gyaɗa huɗu a gwangwani.