Dala Sittin a Kowace Jaka

Lahadi ce, kasuwar Tawa ta watse.
Kawu Nomau ya shigo da warin kara a rigarsa,
ya iske ni a zaure, ordinatar bisa cinya,
ina ƙirga abin da aka bar mini.

Wata goma sha ɗaya na yi ina ginin manhajar nan.
Aikinta faɗin kuɗin albasa:
nawa buhu a Galmi da hantsi,
nawa zai kai in ya sauka Abijan.
Na rubuta ta da kuran mai zuwa yana ɗaukewa,
da tsakar dare, sa'ad da reso ke da sauƙin kai,
na jinginar da awarwaron da inna ta bar mini
don in biya kuɗin shiga rumfarsu.

Na ce, Kawu, a kowace jaka dala sittin tasu ce,
tun kafin kuɗin su san hanyar gidanmu.

Ya zauna, ya tuɓe takalmi, bai yi mamaki ba.
Shekara talatin yana cin la'ada tsakanin mai sa da mahauci.
Ya ce, Zalika, rumfa ba ta tsayawa da iska.
Wa ya share filin? Wa ke korar ɓarayi?
In sa ya fito na sata, ni ake kamawa,
sunana ne jingina, shi ake biya, ba bakina ba.
Kin taɓa zuwa Agadas?
To ta yaya mutum goma sha bakwai can suka san ki?

Na yi shiru, don a nan ya taka gaskiya.

Sai na ce, kai ana ganin idonka.
Mai sa yana iya ce maka albarka,
ya ja igiyarsa zuwa Badagishiri,
ko ya sayar a ƙofar gida, ba mai tuhumarsa.
Mu manyan rumfuna biyu gare mu duk duniya,
kuma mudunsu kusan ɗaya.
Na rubuta musu takarda sau uku,
amsar ta dawo kafin in ɗauke yatsa,
da ladabi, ba kowa a cikinta.
An ce ana sassauta wa ƙanana irina.
Ko an sassauta, ba da ni aka yi cinikin ba,
wanda ya rage yau shi ke da ikon ƙarawa gobe.

Ya juya ƙaramin kofin shayi a hannunsa.
Ya ce, sau nawa yake karɓa?

Na ce, duk wata. Muddin manomi na biya, yana ci.

Nan fuskarsa ta sake.
Ya ce, a'a.
Dillali sau ɗaya yake ci a kan sa guda,
a tafa hannu, kowa ya kama gabansa.
Wanda ke bin saniya har gida
yana jiran rabonsa a kowace tatsa,
ranar da ta kwanta ciwo kuma ba a ganinsa,
wannan ban san sunan sana'arsa ba.
Amma kada ki ce a rushe rumfar,
rana za ta ci ku duka.
A dai samu wanda za a zauna da shi.

Kuran ya ɗauke. Muka zauna cikin duhu,
akuyar maƙwabta tana tuma a bayan katanga.

Ya laluba aljihu, ya miƙo salularsa,
tsohuwa mai maɓalli, an ɗaure ta da roba.
Sa mini abin naki, in ji shi, ina da ƙani mai rafi a Galmi.
Na ce ba ta ɗauka, Kawu.
Ya ce to ki riƙa faɗa mini da baki kowace safiya.

Ya ajiye jaka guda bisa tabarma,
ta sha hannu har ta yi laushi kamar tsumma.
Na haska ta da fitilar waya, na juya ta gaba da baya.
Tun da na fara, ita ce ta farko
da ta iso hannuna ba gutsure.