Faifan Yashi

Iskar Hsinchu ta san ta tun ƙuruciya,
Fan Chiung-hua, mai taya uwarta shanya
taliyar shinkafa a kan ragar gora,
ido a sama, kada hadari ya yi musu sata.

Tana shekara ashirin da uku ta shiga masana'anta.
Aka ba ta farar riga mai rufe har gira,
aka ce: a nan numfashinki ma datti ne.
Ƙwayar ƙura guda, wadda ido bai isa ya kama ba,
sai ta kashe aikin wata uku.

Asalin abin yashi ne.
A narka, a tace, a yanka faifai-faifai,
haske ya zo ya zana masa tituna
waɗanda silin gashi ya yi musu kauri sau dubu.
Ta koyi karatun faifai kamar yadda uwarta ke karanta gajimare.

Daren da ƙasa ta girgiza
ta bar ɗanta a hannun maƙwabciya,
ta hau babur da takalmi wari-wari.
Kwana tara ba ta ga rana ba.
Da injuna suka dawo da gurnaninsu
manya suka tambayi sunanta.

Daga nan sai matakala:
ofis mai taga, ofis mai taga biyu,
jirgi zuwa Eindhoven, jirgi zuwa Kumamoto,
shayi mai huce wa a gaban masu hannun jari.
Ranar da aka damƙa mata kujerar shugaba
ɗanta ya aiko da furanni,
da kati irin wanda ake rubuta wa baƙo.
Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sai shekarar fari.
Madatsar ruwa ta tsage kamar diddige.
Faifai kuwa ba ya haihuwa sai an wanke shi,
an wanke, an sake wankewa.
Aka rufe magudanar manoma,
tankoki suka yi jerin gwano zuwa ƙofarta.
Cikin gonakin da suka bushe
akwai ta yayanta, Chin-tu.
Bai kira ba.
Ya karɓi diyya, ya sayi waya sabuwa,
a cikinta akwai ƙwayar da ƙanwarsa ta wanke da ruwansa.

A bikin sallama an karanta lambobi:
riba, rassa, ma'aikata dubu arba'in.
Aka ba ta faifai guda a cikin gilashi.
Ta duba, ta ga fuskarta a rarrabe,
gida-gida, ɗari shida.

Yanzu da asuba takan je bakin kogi.
Masu shanyar taliya saura gida biyu.
Takan tsaya can gefe, hannu a aljihu,
ta ɗaga kai ba da niyya ba,
ta ce wa yarinyar da ba ta san ta ba:
kwashe, ruwa na zuwa.