Giciye

Kakana ya dasa jati a gangaren Wonosobo,
ya ce rabon jikokin jikoki ne.
Ya rasu bishiyar ba ta kai kaurin cinyarsa ba.
Babana Ngadiran bai gaji wannan haƙurin ba,
ga bashin taki, ga baki biyar a gida,
sai ya dasa sengon a tsakanin kofi.
Maƙwabta suka yi ta dariya:
icen akwatin tumatir,
icen da farce ke yi wa rubutu.

Na shiga aji ɗaya tana iya ƙuguna.
Kafin in ƙware a lissafin rabawa
ta wuce hasumiyar masallacinmu,
tana tankaɗe rana da ƙananan ganye.
Mai saurin tashi, in ji tsofaffi,
shi iska ke fara gaisarwa.
Da gaskiyarsu.
Na ga hadari ya karya bakwai a dare guda.

Yau ni ce a masana'anta,
ƙarfe shida na safe, jan alli a hannu.
Katako na wucewa, fari kamar ɓararren rogo,
ɗumin tanda bai gama sakinsa ba.
Inda reshe ya bar ido, in ja layi.
Inda tsutsa ta yi hanya, in ja layi.
Zarto na bin allina, ba ya tambaya.
Guntayen da suka tsira a fere musu yatsu,
a sarƙe yatsa cikin yatsa
kamar hannun mai jiran labari a ƙofar asibiti.

Sumirah ce ke kula da gam,
warinsa na bin ta har kan abin salla.
Sahun farko ya kwanta gabas da yamma,
na biyu ya gitta, kudu da arewa,
na uku ya koma inda na farko ya dosa.
Sai injin matsi ya sauko a hankali
har gam ya tsattsafo a gefe kamar gumi.

Duk wanda ya taɓa faskare ya sani,
ice ta tsawonsa yake tsagewa.
To, tsaga ta taso da gudunta,
ta tarar na ƙasa ya gindaya,
ina za ta bi?

Injiniya Wuryanti ta zo da na'urarta,
ta yi ta ƙara nauyi, muna leƙe ta taga.
Allon ya yi nishi, ya ranƙwafa kaɗan.
Ta rubuta lamba, ta cire tabarau, ta sake dubawa.

Ban ce babu abin kuka ba.
Tsaunin da ya san rogo da ayaba da gora
yanzu harshe ɗaya yake ji.
Tsuntsayen da na sani da suna sun ragu.
Allunan kuma jirgin ruwa suke hawa,
su zama bangon wasu da ba su taɓa jin
ƙanshin sengon bayan ruwa ba.

Daren da ƙasa ta motsa,
bangon bulonmu ya buɗe baki, hannu na shiga.
Na tara albashin wata uku
na sayi allo biyu da aka ƙi saboda tabo.
A kusurwar ɗaya akwai ɗigon jan alli.
Ban rantse nawa ba ne.

Baba ya zagaya shi sau biyu,
ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne,
sannan ya danna farcen babban yatsa.
Shaida ta fito, kamar dā.
Ya yi dariya har da tari,
ya juya, ya jingina bayansa gaba ɗaya.

Jatin kaka na nan a gangare.
Bana hannuwana suka daina haɗuwa a bayansa.
Ba ya gaggawa.
Yana jiran wanda ba a haifa ba.