Tagar da Ige ta Fasa

Shekara tara ina gaban murhun nan na Mabera,
ni Arzika ɗan Nomau,
har gashin hannuna ya yi fushi ya daina fita.
A gidan burodi bazara biyu ce:
ta Sakkwato tana waje tana jiranmu,
ta ciki kuwa mu ke hura ta da itace.

Alhaji Mode, Allah Ya jiƙan rai, ba mugu ba ne.
Ya san buhunan fulawarsa da ka,
mudun sukari in ya yi ƙafa sai ya gano,
amma bai taɓa sanin 'ya'yana nawa ba.
"Kai, mai murhu!" Haka yake kirana,
har a masallaci in an ce murhu sai in waiwaya.

Da ya kwanta dama, ɗiyarsa Ige ta karɓi makulli.
Makon farko ta liƙa takarda a bango,
hoton wani mutum ya washe haƙora talatin da biyu.
Cika ya dube shi, ya ce,
"Wanga kam an biya shi albashi."
Ta ji. Ba ta tanka ba.

Ran wata Talata, azahar ta gota,
Haliru ya sulale a gaban kwaɓi
kamar riga ta zame daga ƙusa.
Muka yayyafa masa ruwa.
Ruwan ma da zafi.

Washegari da asuba sai ga ta,
ta ci ɗamara da gyale,
ta ce in miƙo mata sandar kwashe burodi.
Awa biyu ta yi a bakin wutar.
Ta fito ta zube bisa buhu, jiƙe sharkaf,
numfashi yana neman ya gagare ta,
ta ce, "Baba Arzika, haka kuke tun yaushe?"

Sunana.
A bakin mai gidan.
Na rasa inda zan ajiye idona.

Ba ta tara mu don jawabi ba.
Magini ta kira, ya fasa bangon arewa,
iska ta shigo kamar baƙuwar da ta daɗe tana sallama.
Randa biyu daga Tsohuwar Kasuwa,
a kan jiƙaƙƙen yashi, da moɗa ɗaure da igiya.
Gashi ya koma bayan isha'i, mu tashi kafin hantsi ya ciza.
Albashi ran ashirin da biyar,
an binne "a dawo jibi" ba tare da makoki ba.
Da matar Cika ta sauka,
kwana bakwai aka ba shi, har yankan rago,
ba a taɓa masa ko sisi ba.

Kada in yi ƙarya, ba komai ya gyaru ba.
Fanka ɗaya har yau ta ƙi motsi.
Bayana yana ƙara in na duƙa.
Fulawa ta yi tsada, ƙarin da aka yi alkawari rabi ya zo,
sai dai da bakinta ta faɗa mana,
ta buɗe littafi, kowa ya leƙa.

Daren jiya na ji dariya daga ɗakin kwaɓi,
na leƙa, Haliru ne shi kaɗai,
ya tuna wani abu.
A da, ko tunawa ba mu da sararin yi.

Mai shayin Ƙofar Rini ya tare ni da safe:
"Mi kunka ƙara ga burodin nan, ya yi laushi? Madara?"
Na ce, "Taga."
Ya ɗauka ba'a nake.

Mai haƙoran nan yana nan a bango,
mun dai juya fuskarsa ga siminti.
A bayansa muke rubuta wanda ke da hutun Juma'a.
Wannan makon sunana ne,
Cika ya rubuta shi a karkace.
Tun ɗazu nake tunanin Wamakko, gidan ƙanwata,
ko kuwa in kwanta kawai ƙarƙashin dalbejiya,
in ji yadda rana take wucewa
in ba ni ke hura ta ba.