Mudun Wuta

Kafin Jekadafari ta gama farkawa
na buɗe shago, na goge teburi,
na kashe fanka,
don iska ma tana sa baki a wannan aiki.

Shekara bakwai mitar nan tana hannuna.
Murfinta ya tsage, na ɗaure da salatif.
Duk abin da ta faɗa, shi nake faɗa wa mutane,
ban taɓa ce mata ta rantse ba.

Jiya Baffa Ardo ya ara min tasa,
mai hatimi a ciki, mai takardar shaida.
Ya ce, "Kafin la'asar ki dawo da ita,
kuma kar ki ɗora mata kofin shayi."

Na jera su a kan waya ɗaya,
wutar da ta ratsa wannan ita za ta ratsa waccan,
kamar ruwan Dadin Kowa a bututu guda.
Na bar su su ɗumama.
Na fara da sifiri,
don wanda bai san babu ba
ina zai san akwai?

Sannan na murɗa.
Ta Baffa ta ce amfiya biyar cif.
Tawa ta yi ƙifi-ƙifi,
ta ce huɗu da ɗigo biyu.

Na sauya waya. Na goge bakin. Na sake.
Huɗu da ɗigo biyu.

Ashe mudun da nake awo da shi ya lotsa.

Sai Talatu mai ƙanƙara ta faɗo min a rai.
Watan jiya na hau rufinta a Pantami,
na auna solarta da rana tsaka,
na sauko ina karkaɗe hannu,
na ce faifan ya gaji.
Ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi sabo.
Har zoɓo ta ba ni, mai sanyi, kyauta.

Na kwance sukurori huɗu na baya.
Ga ɗan abin, bai kai ƙwayar gero ba.
Na sa masa tsinken roba,
na juya kaɗan,
ya wuce,
na dawo da rabin rabin kaɗan,
ina riƙe da numfashi
kamar mai zura zare a allura.

Biyar.
Na gwada a ɗaya, suka yarda.
Na gwada a tara, suka yarda.
Na rubuta kwanan wata a farar takarda,
na manna a bayanta, na sa hannu: Asabe Yerima.

Lamba ta koma gidanta.
Keken ɗinki fa?
Shi ba shi da sukurun da ake juyawa.

Na mayar wa Baffa tasa tun azahar.
Yanzu ina bayan acaɓa, mita a cinya,
mun wuce shatale-tale, mun nufi Pantami,
ina ta auna maganar da zan fara da ita,
kuma duk wadda na ɗauko
sai in ji ba ta cika mudu ba.