Kan Jirgi a Tafin Hannu

Idan na rufe shagon agogo bayan la'asar
ba gida nake nufa ba.
Nakan jawo akwati daga ƙarƙashin benci,
in kwance tsumma,
ga shi nan, kan jirgin dizal,
tsawonsa bai cika taƙi ba.

Wata bakwai ke nan ina kansa.
Gangar jikin ba ta ba ni wuya ba,
gwangwanin madara ne da reza da haƙuri.
Ƙananan abubuwan ke cin ido.
Makamar ƙarfe mai bin gefensa
daga cikin tsohuwar rediyo na zaro ta,
na lanƙwasa da hantsaki, ta karye, na sake,
sau goma sha ɗaya kafin ta yarda.
Ƙahon da ke bisa rufi bakin biro ne.
Gilashin gaba, ledar ƙwayar zazzaɓi.
Abin share gilashin kuwa, siririn sifirin
na wani agogo da mai shi bai dawo karɓa ba.

Tagogin shan iska na inji,
arba'in da biyu a kowane gefe,
da tsinin allura na tsaga su
ina riƙe numfashi
kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri.

Ran Talata na kai wa Baba Labbo,
wanda ya ja na gaske tun ina goye,
daga Zariya zuwa nan Ƙaura, inda dogo ya ƙare.
Ya sa tabarau, ya juya shi, har ya sansana.
"Nomau," ya ce, "wanga bai taɓa zuwa ko'ina ba.
Ina baƙin man da ka ɗiga ƙarƙashin tanki?
Ina hayaƙin da ka cin rufi?
Jirgin da babu tabo, jirgin kalanda na."

Kwana uku ban buɗe akwatin ba.

Na huɗu na taka zuwa tasha.
Awaki na kiwo tsakanin layuka,
tumfafiya ta tsiro a inda ake juya kai.
Na tsuguna gindin wani tarago
na karanta yadda tsatsa ke tafiya:
daga kan ƙusa take farawa,
ta gangaro siririya, sa'an nan ta baje.
Na kankaro kaɗan na ƙunshe a takarda.
A gida na roƙi Kulu baƙin gindin tukunya,
ta ce, "Mai gyaran lokaci, yau kuma datti kake saye?"

Ban taɓa jin tsoron aiki kamar wannan ba.
Koren fentin da na shafe da gashin kaza,
ni da hannuna na bi shi da ƙura da toka.
Na goge matakala har ƙarfe ya leƙo
daidai inda takalmi zai riƙa taka.
Na lotsa goshinsa ta hagu,
inda Labbo ya ce wani bajimi ya taɓa yi masa gardama
kusa da Gagare, wata damina.

Saura abu guda.
Na narka dalma, na fitar da buta
ƙasa da ƙwayar dawa,
na ajiye ta gefen kujerar direba,
na ɗora rufi, na manne da gam.
Ko ni yanzu sai da gilashin aiki nake hango ta.

Labbo ya daɗe yana shafa lotsawar da ɗan yatsa.
Ya kai ido taga, idon bai kai ba.
"Ka sa buta?"
Na ce na sa.
Ya ajiye shi a hankali bisa tabarma,
goshi na duban Gusau,
ya janye ƙafarsa daga hanya.
"To," ya ce, "a ba shi hannu."